Amsa ga Hajiya kan ƙaninta da ya bar sigari

Assalamu alaikum jama'ar gida. Hajiya, yanzu na taso daga aiki na saurari muryarki. Kin ce ƙaninki mai shan olanzapine, maganin ciwon taɓin hankali, ya bar sigari yau kwana goma, amma sai barci yake yi ba dare ba rana, in ya miƙe jiri ya kwashe shi, har wasu a gida na cewa gara ya koma wa tabarsa. A'a, don Allah kada ya koma. Maganin ne yake bukatar a sake dubawa.

Kin ga, yawancin magungunan da muke sha hanta ce ke narkar da su kafin jiki ya fitar. Tana da wasu sinadarai masu wannan aiki, ɗaya daga cikinsu sunansa CYP1A2. To, idan ganyen taba ya ƙone, akwai abubuwan da ke cikin kwaltar hayaƙin da suke zaburar da hanta ta ƙara yin wannan sinadari. Ba sai mutum yana shanye kwali ba, kara goma a rana ma sun isa. Sai hantarsa ta riƙa cinye olanzapine da wuri, likita ya ga awon bai riƙe shi ba, ya ƙara masa. Ke nan awon da ƙaninki yake kai, na mai shan taba ne.

Da ya daina, cikin 'yan kwanaki hantar ta fara sassautawa, zuwa kamar mako guda ta koma yadda Allah ya yi ta. Ƙwayar ba ta canza ba, amma yanzu tana daɗewa a jini, tana taruwa. Barcin ke nan, jirin ke nan.

Wani abu da ko ma'aikatan asibiti wasu ke ruɗewa a kansa: wannan ba aikin nikotin ba ne, aikin hayaƙi ne. Shi nikotin wani sinadarin daban, CYP2A6, ke narkar da shi, cikin kamar awa 2 rabinsa ya tafi. Saboda haka filastar nikotin ko cingam ɗinsa za su rage masa ƙawar taba, amma ba za su hana maganin taruwa ba. Hayaƙin wiwi kuwa yana yin irin abin da na sigari ke yi.

Masu shan clozapine, wani maganin taɓin hankalin da shi ma CYP1A2 ke narkarwa, su na fi jin wa tsoro, don in ya yi yawa har jijjiga yana kawowa. Haka theophylline na masu asma, amai da bugun zuciya. Kai, har goro da shayi da Nescafé, kafeyin ɗinsu ta wannan hanyar yake bi. Mutum ya bar taba yana cin goronsa kamar kullum, sai ya kasa barci, zuciya na dukan uku-uku, ya ɗauka duk rashin tabar ne. Ya rage goron ya gani.

Hajiya, gobe da safe ku kai shi wurin likitan da ya rubuta masa maganin. Ku faɗi ranar da ya daina da yawan karan da yake sha a da. Kada ku raba ƙwayar da kanku, kada kuma ku tsayar da ita, ciwon zai iya dawowa. In a daren nan kuka ga yana wuyar tashi, ko maganarsa na sarƙewa, ko ya faɗi, kada ku jira gari ya waye. Allah ya ba shi lafiya.