Tsugunno a masai yana warkar da basir?

Tambaya: Likita, shekarata 48. Tun da muka koma gida mai masai na zama nake fama da taurin bahaya, wata uku ke nan kuma ina ganin jini. Na gani a Facebook wai tsugunno, irin wanda masu yoga ke kira malasana, yana warkar da basir. In koma tsugunno kawai?

Amsa: Allah ya ƙara sauƙi, Malam. Tsugunno na da amfani. Akwai wata tsoka da ta zagaye ƙarshen hanji kamar majanyi, tana tanƙwara shi don kada kashi ya zubo. Da zarar gwiwa ta haura ƙugu sai tsokar ta saki, hanya ta miƙe, yunƙuri ya ragu. A wani bincike a Isra'ila a 2003 kan mutum 28, sun gama bahaya cikin kusan daƙiƙa 50 in sun tsuguna, kusan 130 in sun zauna. Malasana kuwa suna ne daga Indiya, amma zaman shi ne wanda iyayenmu mata ke yi a bakin murhu.

Ba sai ka fasa masai ba. Sa kujera 'yar tsugunno mai tsayin kamar santimita 20 ka ɗora ƙafafu, ka ɗan sunkuya, gwiwar hannu bisa cinya. Kada ka wuce minti biyar, ka bar waya a ɗaki. Kada kuma ka hau kan tangaran ɗin da ƙafa ka tsuguna. In ya fashe, yankan da yake yi a cinya da ɗuwawu sai ɗinki. Don kashi ya yi laushi, ƙara shan ruwa da cin wake, zogale, rama da gwanda.

Amma jinin nan ne ya dame ni. Wa ya ce maka basir ne? A ƙasar nan duk abin da ya fito ta dubura sunansa basir: tsagewar dubura basir, tsiro a hanji basir, sankarar hanji ma basir. Mai lasifika a tasha bai taɓa duba kowa ba, amma yana da jarka ɗaya mai maganin basir, sanyi da rashin ƙarfin maza. Sai mutum ya shekara yana ɗirkar jiƙo mai sa zawo, yana murna wai "dattin ne ke fita", alhali ciwon na ci gaba da cin hanji. Wasu har ɗaure tsiron ake musu da zare ko a ƙona, a ƙare da ruɓewa da ƙunƙuncewar dubura. Sankarar da aka kama da wuri ana yanke ta a warke. Wadda ta kai hanta labari ne daban. Tsugunno yana rage yunƙuri ne kawai, ba ya gano inda jini ke fitowa.

A shekarunka, ga jini ga canjin bahaya, je asibiti cikin makon nan. Likita zai duba da yatsa, a auna yawan jininka, wataƙila a tura ka a leƙa hanjin da kyamara. In kashin ya koma baƙi kamar kwalta, ko kana jiri, ko kana ramewa, kada ka jira mako, tafi yau.