Ragon Suna Da Bashin Waya: Amsar Baffa

Ɗana, saƙonka ya iso. Ƙanwarka ce ta karanta mini, ita ce kuma take rubuta wannan, saboda haka in ka ga kuskure ka san wanda za ka tuhuma. Allah ya raba lafiya, ya sa mai albarka ne.

Ka ce saura wata biyu maiɗakinka ta sauka, albashi ba ya kai ka ashirin ga wata, mai kantin unguwa yana binka, ga shi abokanka sun ce ɗan fari sai da rago biyu, da akwatin fitar suna, da rumfa da kujeru, da anko. Shi ne kake tambaya ko al'ada ta yarda a rage, ko kuwa ka karɓi bashin nan na manhajar waya ka fita kunya. Da ta zo wurin rago biyu sai da na yi dariya har na ƙware. Da dare ya yi kuma barci ya ƙi zuwa.

Abin da malamanmu na Malikiyya suka karantar da mu, dabba ɗaya ce ranar bakwai, namiji aka haifa ko mace, ga wanda Allah ya hore wa. Akwai malaman da suka ce biyu ga ɗa namiji, amma ban taɓa jin malamin da ya ce a ci bashi da ruwa a yanka ba. Rumfa da anko kuwa, ni a gabana aka haife su.

Ka taɓa jin Udoji? Ba na jin ka sani. Wani babban ma'aikaci ne, Jerome Udoji, gwamnatin Janar Gowon ta ɗora shi kan kwamitin duba aikin gwamnati da albashi. Ya miƙa rahoto a 1974, aka yi ƙarin da ba a taɓa gani ba, ƙananan ma'aikata albashinsu ya ninka, sannan aka ce za a biya ariyas tun daga watan Afrilu na shekarar. Kuɗin ya zo hannu a farkon 1975. Lokacin ina ƙaramin malamin firamare, ban daɗe da aure ba. Naira ma sabuwa ce, a 1973 ta maye gurbin fam, tsofaffi ba su daina lissafi da fam da sule ba.

Tun kafin kuɗin ya fito gari ya rikice. 'Yan kasuwa ma suna jin rediyo, nan da nan kowa ya ƙara wa kayansa kuɗi, har mai ƙosai cewa take yi ita ma Udoji ya shafe ta. Malamai suka shiga ɗaukar kaya bashi, a rubuta sai ranar ariyas. Wannan rediyo mai kaset, wancan Vespa, wani agogo da yadin shadda, wani ya kai kuɗin auren ta biyu.

Ranar biya ba zan manta da ita ba. A lokacin ba ta banki ake biyanmu ba, mai biya ne zai zo da akwatin ƙarfe da ɗan sanda, a kafa tebur a baranda, a kira suna, ka sa hannu, a ƙirga maka. Da hantsi na isa, na tarar da inuwar darbejiyar bakin ofis ta cika da mutanen da ba malamai ba. Tela yana nan da littafinsa, ga mai babura, ga mahauci, ga wata dattijuwa mai tuwo ta shimfiɗa tabarma kamar ta zo zaman makoki. Ba mai hayaniya. Duk wanda ya fito daga layi sai su miƙe su yi masa barka, su kewaye shi. Akwai wani abokin aikina, mutumin kirki, gwanin lissafi a aji, ya fito da kuɗi cike da aljihun babbar riga. Ina kallo aka yi ta zare su a hankali, yana murmushin yaƙe, yana cewa ai haƙƙinku ne. Kafin azahar ya zo ya raɗa mini a kunne in ba shi na man babur ɗin da ya sa shi cikin wannan hali. Wasu ta katangar baya suka haura, manyan mutane da rawani.

Ni ba wayo ne ya tsare ni ba, tsoron kakanka ne. Tun da ya ji maganar a rediyo ya kira ni zaure ya ce, ranar da aka ba ka, a nan za ka fara sauke su kafin ka shiga ɗakinka. Da na zube masa, bai taɓa ko kwabo ba. Ya ce a fara da wanda ke bina, ko sule ne. Sannan ya sa aka auno gero da dawa aka zuba a rumbu, don farin 1973 bai bar zukatan mutane ba, ya ga yadda masu kuɗi a hannu suka rasa abin saye. Da ya ji kakarka ta ce akwai alamun ƙaruwa a ɗakina, sai ya tura ni kasuwar ƙauye na sayo ɗan rago wanda bai gama yaye ba. Kakarka ta yi ta kiwonsa da dusa da harawa da ruwan tsari. Itacen wankan jego ma kaɗan-kaɗan muka riƙa tarawa a bayan ɗaki. Ranar sunan babban wanku, wanda har yau ba na faɗin sunansa, ragon nan sai da mutum biyu suka kayar da shi. Aka raba goro, wanzami da ungozoma suka ɗauki rabonsu, ba wanda ya tsaya a ƙofar gida da littafi.

Kakanka yakan ce kayan aro ba ya rufe katara. Yakan kuma ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, don haka bai taɓa raina mai bashi ba. Shi kansa yakan ci, musamman in damina ta yi nisa rumbu ya yi ƙasa. Amma wurin mutumin da ya san fuskarsa yake ci, da shaida, a sa ranar biya, yawanci kaka. Yana yawan tuna mana cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka. Wanda kake son ci fa? Ba ka san mai shi ba, ruwa yake hawa kullum, kuma cikin masu manhajojin nan akwai waɗanda kafin su ba ka sai ka buɗe musu lambobin da ke wayarka. Ka yi jinkirin kwana kaɗan su aika wa surukinka da limaminku saƙo cewa kai ɓarawo ne. Abin ya kai har hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a 2022. Kunyar da kake gudu ita za su kai maka har gidan surukai.

Na san zamani ya yi tsanani. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 ni ma fansho ba ya kai ni ko'ina, ba zan ce maka ku ne ragwaye ba. Amma ina zuwa gidajenku, ina gani. Komai a ƙulle-ƙullen leda ake sayowa kullum, shinkafa gwangwani biyu, mai na ɗari biyu, alhali da ku huɗu za ku haɗa ku sayi buhu a Dawanau da kaka ku raba, da kun ga bambanci. Tumatir in ya yi araha da sanyi kakarku yankawa take ta shanya, haka kuɓewa. Ɗumamen tuwo da safe ya zama abin kunya, sai burodi da shayi da ƙwai. Daddawa ta zama ta ƙauyawa. Waya biyu a aljihu, kowace tana cin data. Asusun ƙasa kuwa, ka tambayi yaran gidanku ko sun taɓa ganinsa. Iyayenku mata da adashi suka yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki, kuma uwar adashi ba ta taɓa ƙara wa kowa ruwa ba.

Maganar akwati da anko ba ni da bakin magana a ciki, ta mata ce, ka je ka durƙusa gaban goggonka ka faɗa mata gaskiyar aljihunka, ita ta san yadda za ta yi da dangin maiɗakin naka. Kai dai ranar Juma'a bayan an sauko ka zo mini da takarda, ka rubuta duk wanda yake binka da abin da yake binka, har mai kantin nan, kada ka ɓoye ko ɗaya. Ka taho da yaron da zai iya riƙe igiya, akwai abin da zan nuna maka a garke. Ka gaida mahaifiyarka.