Jam'iyya: daga ina muka samo kalmar?

Wani ɗalibi ya turo tambaya, yace sun yi gardama da abokinsa, shi yana cewa jam'iyya Hausa ce tsantsa, abokin yace aro ce, wai in raba musu.

To ɗana, abokinka ya fi ka gaskiya a nan. Larabci ce, daga tushen jim da mim da ain, wanda ma'anarsa tarawa ko haɗuwa. Ka duba 'yan uwanta da muke faɗa kullum ba tare da mun lura ba, jama'a, jam'i na sallah, Juma'a ranar taruwa, har jami'a inda ake tara fannonin ilimi, duk gida ɗaya suka fito.

Amma abin da ya fi bani sha'awa shi ne, shi Balarabe in yace jam'iyya ba siyasa yake nufi ba, ƙungiya yake nufi, irin ta taimakon juna ko ta addini. Ta siyasa kuwa hizb yake ce mata, kamar yadda kake ji a sunan Hizbullah ta Labanon. Mu kuma wannan hizb ɗin mun riga mun ba ta wani aiki tun tuni a makarantar allo, ita ce izu, da ake cewa yaro ya kai izu goma cikin sittin. Kaga kenan kujerar ba kowa, sai jam'iyya ta hau.

Kuma tarihi ma ya taimaka. A 1949 aka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa a matsayin ƙungiyar al'adu da wayar da kai ta 'yan boko, sai a 1951 ta rikiɗe ta zama ta siyasa, wato NPC ta su Sardauna, sunan kuma bai canza ba. NEPU da aka kafa a Kano a 1950, wadda Malam Aminu Kano ya jagoranta daga baya, ita ma Jam'iyyar Neman Sawaba ake ce mata. A ganina daga nan ne kalmar ta manne wa siyasa.

Shi yasa yau in kace wa mutum ƙungiyar direbobi jam'iyya ce sai ya kalle ka, duk da a asali ba ka yi kuskure ba. Ka gaya wa abokin naka ya ci wannan, amma ka tambaye shi ko ya san izu.