Yaushe za a bar wa sabuwar nas majinyaci ita kaɗai?

Ƙanwata, kin tambaye ni yadda za ki gane cewa sabuwar ma'aikaciyar jinyar da aka damƙa miki, wadda ba ta daɗe da gama makaranta ba, ta isa a bar mata majinyaci ita kaɗai a sashen kulawa ta musamman, tunda kin ga hannunta yana da sauri kuma ta haddace magunguna. Saurin hannu yana da amfani, amma ni da wani abu dabam nake aunawa.

Ina lura ne da inda idonta yake fara sauka idan ƙararrawar na'ura ta kaɗa. Sabuwar shiga takan ruga wajen allo, alhali majinyacin ya kamata ta fara dubawa, ta ga ko ƙirjinsa yana ɗagawa ta ɓangarorin biyu, ko bututun numfashi ya goce ko majina ta toshe shi, ko kuwa abin auna oksijin ne kawai ya zame daga yatsa. Tun a 1984 Patricia Benner, masaniyar aikin jinya 'yar Amurka, ta bayyana cewa ma'aikacin jinya yana bin matakai 5 kafin ya zama gwani, kuma na matakin farko ƙa'idoji yake bi ɗaya bayan ɗaya, domin bai ga majinyata da yawan da zai sa ya haɗa alamomi wuri guda ba. Aikinki shi ne ki koya mata wannan haɗawar.

Saboda haka ki yawaita tambayarta dalili. Idan fitsarin majinyaci ya gaza rabin mililita a kan kowane kilo na nauyinsa a awa guda, matsakaicin matsin jininsa kuma ya sauka ƙasa da 65, ki bar ta ta faɗa miki abin da ya haɗa su, kada ki riga ta. Dole ta san dalilin da ya sa ake ɗaga kan gadon mai na'urar numfashi zuwa digiri 30 ko 45, da dalilin da ya sa ba a taɓa tura fotasiyam kai tsaye cikin jijiya, da haɗarin wanke bututun jijiya da noradirinalin, maganin ɗaga matsin jini, yake bi da ruwa a lokaci guda. Waɗannan biyun na ƙarshe ba na sassauci a kansu ko kaɗan, domin kuskure ɗaya yana iya tafiya da rai.

Ki janye daga gefenta sannu a hankali: ta kalle ki tukuna, sannan ta yi kina tsaye, daga baya ki koma gado na kusa inda murya za ta kai. Gyara kuma ki yi mata shi a keɓe, domin wadda aka kunyata a gaban 'yan uwan majinyaci za ta fara ɓoye abin da ba ta sani ba, kuma ita ce nake jin tsoro a aikin dare.

Ranar da ta kira ki tun abu bai ɓaci ba, ta ce majinyacin nan ya canza mata ko da lambobin ba su nuna ba, kuma ta jero abin da ta riga ta duba, to ki ba ta majinyaci ɗaya wanda yanayinsa ya daidaita. Ranar da ta fara rasa majinyaci kuwa, ki nemi wanda zai riƙe muku aiki, ki zauna da ita kafin ta tafi gida.