Amsa ga Malam kan tura kuɗi ta waya da na'urar POS

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malam, na saurari tambayar da ka ajiye mana a zauren nan daren jiya, inda ka ce tun da tura kuɗi ta waya da na'urar POS suka shigo kasuwanninmu damfara ta ƙaru, har kana ganin da ba a kawo su ba da ya fi mana alheri. Zan ba ka amsa gwargwadon abin da idona ya gani, kuma ina roƙon 'yan'uwa su yi haƙuri idan muryar ta ɗan yi tsawo.

Akwai abin da ba zan iya musantawa ba. A da, ɗan kasuwar da zai taso daga Gusau ko Funtuwa zuwa kasuwar Dawanau ko Kantin Kwari a Kano sai ya ɗaure kuɗinsa a ƙugu ƙarƙashin riga, ya kwana bai runtsa ba, domin duk wanda ya gan shi a tasha ya san abin da yake ɗauke da shi. Yau yana iya zuwa hannu rabbana, ya zaɓi kayansa, ya biya daga wayarsa. Ɗan ci-rani a Legas yana tura wa mahaifiyarsa kuɗin magani cikin minti biyu, ba sai ya jira direban da zai zo gida ƙarshen mako ba, kuma samari da yawa da suke zaman kashe wando sun sami sana'a da laima ɗaya da na'ura ɗaya. Saboda haka ban yarda cewa rashinsu ya fi ba.

Inda damuwata take, Malam, shi ne waɗanda suka tsara abin sun ɗauka cewa kowane mutum yana da yatsun da na'ura za ta iya karantawa, yana da sabis a garinsu, yana da wutar cajin waya, kuma yana karanta boko. Wanda ya rasa ɗaya daga cikin waɗannan, a kansa nauyin yake faɗawa. Lokacin da Babban Bankin Najeriya ya fito da lambar BVN a 2014, manufar ita ce a haɗa asusun kowa da zanen yatsunsa don kada wani ya ci kuɗin wani. Ni na raka kawuna yin rajista, mutumin da ya shafe fiye da shekara arba'in yana riƙe da fartanya, zanen yatsunsa duk ya goge. Sau uku muna zuwa, ana shafa masa mai a yatsu, ana danna su a kan gilashin, na'urar tana ƙin karɓa. Da ƙyar aka dace, aka ba shi katin cirar kuɗi. To amma ba ya iya karanta abin da ke fitowa a allon na'ura, don haka ya sa aka rubuta masa lambar sirrinsa a takarda, ya naɗe katin da ita, duk ranar kasuwa sai ya miƙa wa yaron POS kati da takarda gaba ɗaya. Abin da aka ƙirƙira don ya kulle dukiyarsa ya sa ya danƙa mabuɗin a hannun wani, kuma babu wanda ya yi nufin haka cikin waɗanda suka tsara shi. Yaron mai amana ne, alhamdu lillahi, amma amanar yaron ce take tsaron kuɗin kawu, kuma ba kowane dattijo yake dacewa da irinsa ba.

Sannan ka tuna abin da ya faru da aka sauya fasalin naira. A watan Oktoban 2022 Babban Banki, ƙarƙashin Godwin Emefiele, ya sanar da sauya takardun naira 200, 500 da 1,000, aka sa 31 ga Janairun 2023 a matsayin wa'adin daina karɓar tsofaffin takardun, daga baya aka ɗaga zuwa 10 ga Fabrairu. An ce mutane su koma tiransifa, sai kowa ya koma lokaci guda, hanyoyin bankuna suka cushe. Za a cire kuɗi daga asusunka, mai kaya bai ga alat ba, ku tsaya cirko-cirko, shi ba zai saki kaya ba, kai ba ka da wani kuɗin. Naira kanta ta zama haja, domin ni da kaina na biya dubu ɗaya kafin a ba ni dubu biyar a hannu. Na ga wata baiwar Allah ta kawo tiya biyar ta wake kasuwa, ba ta da asusu, ba ta da waya, ta karyar da su ga wanda yake da tsabar kuɗi don kawai ta sami na cefane. Sai da jihohin Kaduna, Kogi da Zamfara suka kai ƙara Kotun Ƙoli, ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris 2023 cewa tsofaffin takardun su ci gaba da aiki, kafin mutane suka fara samun sa'ida. Tun kafin nan ma, a Satumbar 2021, da aka katse layukan waya a Zamfara saboda 'yan bindiga, wanda kuɗinsa ke banki sai ya yi tafiya zuwa wata jiha kafin ya taɓa su.

Damfarar da ka ambata gaskiya ce, kuma sau da yawa ta ƙofar rashin sanin yadda abin yake aiki take shigowa. Ɓarawon ba ya fasa banki, kiran dattijo yake yi da murya mai ladabi, ya ce daga banki ne, za a rufe asusunsa idan bai karanto lambar da aka turo masa yanzu ba. Ko kuma ya nuna wa mai shago saƙon alat na bogi, ya kwashi kaya ya tafi.

Don haka abin da nake roƙo a zauren nan shi ne kowannenmu ya ɗauki nauyin iyayensa da maƙwabtansa. A gaya musu ƙarara cewa banki ba ya kiran mutum ya nemi lambar sirrinsa ko lambar da aka turo masa ta saƙo. Mai shago kada ya saki kaya sai ya duba asusunsa ya ga kuɗi sun shiga, kuma kowane gida ya riƙa ajiye ɗan abin da zai ishe shi cefanen kwana biyu a hannu saboda ranar da sabis zai ɗauke. Ni ma ranar Juma'a, in Allah ya kai mu, zan je gida in zauna da kawu mu canza lambarsa zuwa wadda zai iya haddacewa, mu ƙona takardar nan. Wassalamu alaikum.