Ƙanwata, ga amsar maganar banɗakin

Saƙonki na uku ke nan a kan abu ɗaya: wai da gaske ne a Birtaniya namiji na shiga banɗakin mata, kuma in kin zo aikin nas da wa za ki riƙa canza kaya? Ni na zata kuɗin haya za ki tambaya. Yanzu na sauko daga aikin dare, don haka ki yi haƙuri da bakina.

Maganar har Kotun Ƙoli ta kai. Ranar 16 ga Afrilun 2025 alƙalai biyar suka yanke hukunci a ƙarar da ƙungiyar For Women Scotland ta kai gwamnatin Sikotland: “mace” a dokar daidaito ta 2010 ita ce wadda aka haifa mace, ko da mutum na riƙe da takardar sauya jinsi. Amma kotun ta ce dokar na nan tana kare masu sauya jinsin daga tsangwama. Wannan rabin ne ba a turo muku a WhatsApp.

Kin ji labarin Sandie Peggie, nas ɗin yankin Fife na Sikotland da aka dakatar a farkon 2024 bayan sa-in-sa da likita mai sauya jinsi a ɗakin canza kaya na mata? 'Yar ƙasa ce, ga lauyoyi, ga 'yan jarida. Ke kuwa bizarki a hannun mai aikinki take. Ya sallame ki, kwana 60 gare ki ki samu wani ko ki tattara komatsanki.

A shekarata ta farko, wajen miƙa aiki da safe, bakina ya suɓuce na ce “shi” ga mara lafiyar da ke son a ce “ita”. Wallahi ba da gayya ba, gajiya ce. Washegari sai ga ni a ofis, ga takarda, ga mai shaida. Sati biyu ban yi barcin kirki ba, ko Umma ban gaya wa ba. Wadda ta kai ƙarata kuwa, da ita muke cin dambun naman da Umman ta aiko mini. Yau ni ke horar da sababbi a wannan sashen.

In kin iso, ki shiga ƙungiyar ma'aikata tun watan farko, RCN ko Unison. In kina son wurin canza kaya ke kaɗai, ki nema a rubuce, ban da gardama a baranda. Sannan ki koma Facebook ɗinki ki share barkwancin 'yan daudun nan, masu ɗaukar aiki suna dubawa.

Ina sakamakon jarrabawar Turanci ta IELTS da kika ce za ki turo tun kafin azumi?