Kwikwiyona yana jin magana a tsakar gida, amma da an buɗe ƙofa sai ya manta

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da kwikwiyo ɗan wata 4 da na karɓo domin gadin gida. Na koya masa "zo" da "zauna", kuma yana yin su sarai idan daga ni sai shi ne a tsakar gida, amma da zarar an yi baƙi ko an buɗe ƙofar waje, sai ya yi kamar bai taɓa jin sunansa ba, ga kuma cizon takalma da hannun yara. Maƙwabta sun ce sai na riƙa dukansa ina ɗaure shi da sarƙa, in ba haka ba zai sangarce ya kasa gadi. Shin horon ya ci tura ne? Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Horon bai ci tura ba, domin kwikwiyon da ya san umarni biyu yana ɗan wata 4 ya kama hanya. Abin da ya rage shi ne ka gane cewa kare yana haɗa umarni da wurin da ya koye shi, don haka a wajensa "zauna" ta tsakar gida daban take da "zauna" ta bakin ƙofa, inda ƙarar babur da ƙanshin baƙo da gilmawar awaki suke ɗauke masa hankali. Sai ka sake koyar da shi daga farko a zaure, sannan a bakin ƙofa da igiya a wuyansa, sannan a gaban mutum ɗaya da ya sani, kana ƙara hayaniyar da kaɗan-kaɗan. Darasi kada ya wuce minti 5, sau biyu ko uku a rana kafin ya ci abinci, kuma tukuicinsa ya iso bakinsa cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu da yin abin, in ba haka ba ba zai san dalilin ba shi ba. Ɗan guntun dafaffen nama ya isa. Ka guji tsire da duk abin da aka sa wa albasa, domin albasa tana lalata jinin kare, haka ma dafaffen ƙashin kaza da kan tsage ya ji masa ciwo a ciki.

Shawarar maƙwabta kuwa ban goyi bayanta ba. Idan ka kira shi ya zo daga baya ka doke shi saboda jinkirin da ya yi, abin da ya koya shi ne cewa zuwa wurinka yana jawo wuya, gobe kuwa nisan da zai ba ka ya fi na yau. Karen da ya tashi cikin duka da ɗauri yakan zama matsoraci, matsoracin kare kuma shi ne mai cizo ba gargaɗi, wanda ba ya bambanta ɓarawo da almajirin da ya zo bara. Halin tsare gida yakan fito da kansa idan kare ya fara balaga, daga wata 6 zuwa sama, kuma mai gadin kirki shi ne wanda zai yi haushi, ya kuma yi shiru idan maigida ya ce "bari".

Cizon takalma na fitar haƙori ne. Tsakanin wata 3 da wata 6 haƙoran nono 28 suna zubewa, na girma 42 suna maye gurbinsu, dasashi kuma yana masa ƙaiƙayi. A ba shi abin taunawa nasa na kansa, kamar igiya mai kauri da aka ƙulla, a ɗauke takalma daga inda zai kai. Idan haƙorinsa ya taɓa hannun yaro, a tsayar da wasan nan take a juya masa baya na ɗan lokaci, yara kuma su daina gudu suna ihu, domin hakan gayyatar wasa ce a wurinsa. Wajen ba shi umarni kuma, gidaje da yawa suna yin sake: maigida ya ce "zo", uwargida ta ce "taho", yara su yi fito, alhali kwikwiyo kalma ɗaya tak yake buƙata daga bakin kowa.

Kafin ka fara fita da shi unguwa, ka tabbata likitan dabbobi ya kammala masa alluran rigakafi, musamman ta ciwon haukan kare da ake yi daga wata 3, tare da maganin tsutsar ciki da na kaska. Kada kuma ka karaya idan ya kai wata 7 ko 8 ka ga taurin kai ya dawo, domin shekarun ƙuruciyarsa ne suka zo, sai ka koma ga igiya da tukuici har ya wuce wannan mataki.